Direban da Ba Mai Iya Yi wa Tsawa

Duk wanda ya taɓa hawa motar safe daga ƙauyukan gabas zuwa kasuwar Fugalei da ke birnin Apia ya san Fereti, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban motar katakon nan mai launin ruwan ƙwai, wadda kiɗanta ke riga ta shan kwana. Ya fi shekara talatin a kan wannan hanya. Ya kai mata asibiti suna naƙuda, ya kai 'ya'yan da suka haifa makaranta, ga shi yanzu jikoki sun fara hawa cinyoyin fasinja in mota ta cika. Sau biyu kafinta yana faɗaɗa masa kujera. Rigunansa duka a wuri ɗaya suke ƙoɗewa, daidai inda sitiyari ke gugar ciki.

A mota direba ne, a ƙauye kuwa matai ne, mai riƙe da sarautar gidansu. Sarautar ba babba ba ce, amma tana da ginshiƙinta a zauren gari, kuma ta isa ta sa saurayi ya sunkuya in zai wuce ta gabansa, ya zauna ƙasa in zai yi masa magana. Ranar Lahadi in an taso daga coci, gabansa ake fara ajiye abinci: gwaza da ɗanyar ayaba da aka gasa a kan duwatsu, ganyen gwaza cikin madarar kwakwa, naman gwangwani, haƙarƙarin rago mai kitse. Fereti bai taɓa mayar da hannun wanda ya miƙo masa abinci ba. A ganinsa, mutumin da ya sha hayaƙi tun asuba dominka bai cancanci ka ɗanɗana ka ture ba.

Da nas ta ɗora shi a kan sikelin asibitin gunduma, ya tashi kilo ɗari da hamsin da biyu. Ta auna jininsa ta ce sugan ya fara hawa. Ta tuna masa cewa wannan ciwon ne ya ɗauke matarsa Etevise, sai ka ce zai iya mantawa. Ya saurare ta da ladabi, ya yi godiya, ya fito ya sayi fanke a bakin ƙofa, domin mai fanken fasinjarsa ce, kuma ta riga ta gan shi.

Abin da maganar nas ta kasa, rawa ce ta yi shi.

A watan Mayu cocin ƙauyen ya yi taron neman gudunmawar sabon rufi, aka zaɓi autarsa Loimata, malamar firamare, ta yi taualuga, rawar da ake rufe taro da ita. Budurwa kan fito jikinta na sheƙi da man kwakwa, ga ado a ka, ta riƙa motsi a hankali kamar ba ta taka ƙasa, jama'a na yi mata liƙi. Mazan gidansu kuma su kewaye ta da ihu da tafi da dukan ƙirji, su haukace don natsuwarta ta ƙara fitowa. Wanda ya fi ji da ita yakan zube rub-da-ciki a gabanta, ta ɗora ƙafa a bayansa, sannan ya miƙe ya ci gaba da rawa. In uba ne ya yi haka, kuma matai, to ya gaya wa gari ke nan cewa 'yarsa ta fi shi daraja.

Fereti bai shirya yin haka ba. Ya ga yadda take juya tafin hannu ne, sak uwarta, sai kawai ya tsinci kansa a ƙasa. Jama'a suka ɗauki ihu. Loimata ta ɗora ƙafa, ta ɗauke, ta matsa gefe tana jiran ya tashi. Ya dafa ƙasa, hannuwa suka ƙi. Ya jawo gwiwa, ciki ya tare ta. Ya sake gwadawa, ya koma ya kwanta, kuncinsa a kan siminti. Masu jita suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Loimata ta daina rawa ta durƙusa kusa da shi da duk adonta, tana cewa, "Baba, Baba, riƙe ni." Samari huɗu ne suka ɗaga shi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

An riga an sa bikin Loimata a watan Disamba, da wani bakanike ɗan tsibirin Savai'i, kuma amarya ce ke rufe bikinta da wannan rawa. Wata yamma tana matsa masa ƙafafun da suka kumbura, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baba, ranar bikin ka yi zamanka a kujera ka tafa mini. Ya ishe ni."

"To, uwata," ya ce.

Amma a ransa ya riga ya yanke. Zai kwanta a gabanta ranar bikin, kuma zai tashi da kansa ba tare da kiɗa ya tsaya ba.

A bayan coci akwai filin da ake wasan kurket. Nan Aleki ke tara mutane tun kafin rana ta fito. Ɗan ƙauyen ne, ya buga zari-ruga a New Zealand har gwiwa ta dawo da shi gida. Kayan aikinsa tsofaffin tayoyi ne, da jarkoki cike da yashi, da igiyar jirgin ruwa mai kauri, da usur. Tsarinsa ba ya da wuyar ganewa: a yi aiki da duk ƙarfi na daƙiƙa arba'in, a huta na ashirin, a koma. Yau gudu da tsalle, gobe ɗaukar nauyi. Yakan ce gajeren aiki mai zafi shi ke tayar da zuciya, nauyi kuma shi ke riƙe tsoka don kitse ya tafi ya bar ta, amma duk wanda bai gyara kwanonsa ba wahalar banza yake sha. Yawancin masu zuwa mata ne. Abin da suka fi tsana shi ne wanda suka sa wa suna zube-ka-tashi: ka faɗi rub-da-ciki, ka miƙe, ka yi tsalle, ka sake faɗi. Fereti ya hango su suna yi ta tagar mota wata safiya, ya taka birki inda ba tasha.

Ranar da ya shigo filin da zani da tsohon takalmin roba, Aleki ya kashe kiɗa ya zauna dirshan a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Ko kiɗanmu ne ya hana ku barci?"

"Zuwa na yi a rage mini kaya," in ji Fereti, yana shafa ciki. "Na je wajen nas, ta ce zuciyar za ta ɗauka in an bi ta a hankali."

"Tabɗi!" in ji Maseiga mai kanti, wadda suka yi aji ɗaya da shi. "Yau filin nan ya yi babban baƙo. Ke, kawo wa matai kujera!"

Aka kawo kujera. Daga nan aka fara kuskure, kuma kowa ya sa hannu a ciki da zuciya ɗaya.

In Aleki ya juya wajen mata, ana jin muryarsa har bakin teku. "Maseiga! Tsuguno ne wannan ko ɗan kunnenki kike nema a ciyawa? Ƙasa! Ƙasa na ce!" Ita kuma ta mayar masa tana haki: "Ɗan nema, ni na share maka majina kana yaro. Bari in gamu da uwarka a coci." In kuwa ya iso wajen Fereti, sai ya rage tsawo, ya haɗa hannuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in babu takura, ko za a ɗan ɗaga hannu?" Fereti ya ɗan ɗaga, Aleki ya ce madalla, a huta. Jarkar da ake ba shi rabi ce. Da gumi ya keto masa, wata ta taho da mafici. Zube-ka-tashi kuwa ko zancensa ba a yi, domin wa zai tsaya a kan matai ya ce masa ya kwanta a ƙasa? In an tashi, tun da bai dace babban mutum ya bar wuri haka nan ba, Maseiga kan buɗe kwando ta fito da fanke mai zafi da shayi mai madara, a zuba masa, sauran su tsaya suna kallo da yunwarsu.

Bayan wata biyu aka hau sikeli. Maseiga ta sauke kilo biyar, ta zagaya fili da ihu. Fereti ya ƙara biyu.

Ya jira kowa ya watse, sannan ya kira Aleki. Aleki ya zo zai zauna.

"A'a, tashi. Tashi tsaye ka dube ni."

Aleki ya tashi rabi, gwiwa a lanƙwashe.

"Ka yi mini tsawa yadda kake yi wa matan nan."

"Ranka ya daɗe..."

"Ka ce, Fereti, ƙasa! Faɗi mu ji."

Aleki ya buɗe baki. Ya dubi taya, ya dubi teku. Mutum ne da ya yi karo da ƙattin Tonga da na Fiji a filin wasa bai ja da baya ba, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ranka ya daɗe, a ɗan sauka."

"Kai, ashe jikin ne kawai."

"Baba, ko na iya, gari ba zai bari ba. Ranar da aka ji na daka wa matai tsawa, yana kwance ina tsaye, majalisa za ta ci gidanmu tara. Kafin ma a kai can, uwata ta gama da ni."

Gaskiya ya faɗa. Fereti da kansa ya sha zama a majalisar da ta yanke irin wannan tara.

Kowace Asabar in ya ajiye mota, yakan kai wa yayarsa Talaleu kifi. Ta girme shi da shekara takwas, mijinta ya rasu, siririya ce kamar tsinken kwakwa, tana saƙar tabarma a gidan da aka haife su. A ƙasar nan kowa ya san abin da ke tsakanin namiji da 'yar'uwarsa mace. Sarauta ba ta shiga nan. Matai na iya musu da fasto, ya yi musu da majalisar gari, amma ba ya ɗaga wa 'yar'uwarsa murya, ba ya sa hannu a abinci kafin ta sa, in ta aike shi kuma sai ya je.

Talaleu ta karɓi kifin ta juya shi, ta duba idanunsa. "Na ji an ce ka shiga makarantar cin fanke."

"Haba, Yaya."

"Maseiga ce ta gaya mini, har da alfahari. Wai ba ta taɓa barinka ka tafi da yunwa ba." Ta yi dariya har da tari. Da ta ga bai taya ta ba, sai ta ajiye kifin. "Me ya kai ka filin nan, kai da ko ƙwarya ba ka ɗauka in ta faɗi?"

Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya dubi tabarmar da ke gabanta. "So nake in tashi, Yaya. Shi ke nan. Ba na son yarinyar nan ta sake durƙusawa a kaina da adonta."

Ta koma kan saƙarta.

"Ina wurin ranar," ta ce. "Ni ma ban yi dariya ba. Da na yi, wataƙila da ka fi saurin farkawa. Yaushe kuke farawa?"

"Kafin fitowar rana."

"Ka biyo ta nan ranar Litinin. Ka taho da bokiti."

"Na mene ne?"

"Na zama. Kujerar nan taku ta sarauta ba da ni ba."

Ranar Litinin ta kife bokiti a tsakiyar fili ta zauna, mafici a hannu. Ta sa aka mayar da kujera coci. Ta dubi kwandon Maseiga. "Ke, fanken nan ki kai wa 'yan makaranta. In na sake ganin kwandon nan a nan, ke da shi za ku yi zube-ka-tashi."

"Ni da na yi don Allah, Yaya?"

"Ki yi wa wani. Wannan ɗaya gare ni."

Haka aka samo hanya. Aleki ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta yana raɗa mata abin da za a yi, ita kuma tana faɗa da ƙarfi. Ba a taka al'ada ko ɗaya ba: saurayi yana zaune, bai ɗaga wa matai murya ba, mace ce ke magana da ƙaninta.

"Inna, ya ɗauki jarka cikakkiya ya tsuguna da ita, bayansa a miƙe."

"Fereti! Cikakkiyar, ba waccan ta 'yan yaye ba! Miƙe bayanka, sai ka ce ba ɗan babanmu ba!"

"Inna, saura kaɗan a huta."

"Saura da yawa! Ci gaba!"

"Inna, kaɗan na ce."

"Na ji ka. Shi ne bai kamata ya ji ba."

Aleki dai bai bari ta wuce iyaka ba. In usur ya yi ƙara, hutu ne, ko Talaleu na so ko ba ta so. Bai kuma fara shi da ƙasa ba. Da farko zama a kan benci da tashi. Sai tura jikin motarsa da hannu biyu, sai tura bencin, sai matakalar coci. Sai tafiya da sauri tsakanin bishiyun kwakwa da jarka a kowane hannu. Tashi daga ƙasa kuwa gunduwa-gunduwa ya koya masa: tafin hannu a ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ɗaya, a kafa ɗaya ƙafar, a dafa cinya, a miƙe. Makonnin farko Fereti da baya yake sauka daga mota saboda ciwon cinya, fasinjoji na yi masa sannu suna ɓoye fuska.

Kwanon ma Talaleu ce ta gyara shi. Ta fara zuwa gidansa cin abincin Lahadi. In an ajiye masa, sai ta miƙa hannu ta kwashe haƙarƙarin ragon da rabin gwazar, ta ce a mayar baya inda masu girki da yara ke jira. Ta bar masa kifi da ganye.

"Yaya, za su ce na raina girkinsu."

"Abin da matai ya bari ai rabon na baya ne. Shekara nawa kana cinye musu rabo, suna yi maka godiya?"

Bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ranar bai gama ko kifin ba.

A watan Satumba, wata safiya da ruwa ya kwana yana zuba, Aleki ya raɗa cewa lokaci ya yi. Talaleu ta ce, "Fereti, ƙasa!" Ya zube ya tashi. Ya sake zubewa ya tashi, da ƙyar. A na uku hannuwa suka ƙi. Ya kwanta, fuskarsa a taɓo, ya ji matan sun daina motsi ɗaya bayan ɗaya. Ya san irin wannan shirun.

"Tashi!" in ji Talaleu.

Bai motsa ba.

"Tashi na ce!"

"Ke, ki ƙyale ni!"

Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji. Aleki ya sunkuyar da kai. Maseiga ta rufe baki da hannu. A gaban mutane, namiji ya daka wa yayarsa tsawa.

Talaleu ta ajiye mafici. Ta sauko daga kan bokiti a hankali, domin nata gwiwoyin ma sun tsufa, ta zauna a cikin taɓon daidai kansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ku uku Allah ya ba ni 'yan'uwa maza. Iakopo sai da aka yanke masa ƙafa kafin ya tafi. Lafaele ya faɗi a gona bai kai sittin ba. Ni na zauna a kansu ina kore musu ƙuda, mutane na shigowa da tabarmin ta'aziyya. Ba zan yi na uku ba, Fereti. Kai za ka binne ni. Ka ji ko?"

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta sa gefen zaninta ta goge masa taɓon kunne, yadda take yi masa suna yara.

"Yafe mini, Yaya."

"Na yafe in ka tashi. Kuma ka yi sauri ka tashe ni, don ni ma na maƙale."

Tafin hannu, gwiwa, ƙafa, cinya. Ya miƙe yana tangaɗi, ya sunkuya ya ɗago ta cak kamar damin kara. Maseiga ce ta fara fashewa da dariya, tana share hawaye. "Ku duba 'ya'yan gidan sarauta, kamar aladu biyu a kwata!"

"Ke kuma saura naki," in ji Talaleu. "Aleki, busa."

Zuwa ƙarshen Nuwamba sikeli ya ba shi kilo ɗari da talatin da uku. Bai zama siriri ba, ba kuma zai zama ba; duk gidansu masu ƙashi ne. Amma idon sawunsa ya fito, nas ta ce sugan ya sauka ko da yake ba ta ɗauke masa magani ba, kuma an gan shi a Fugalei yana ɗora buhun gwaza a mota da kansa. Loimata ta san yana zuwa fili, ƙauye ba ya ɓoye irin wannan. Tana shafa masa mai a gwiwoyin da suka yi kanta, tana cewa Allah ya ƙara lafiya. Ba ta tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Ranar bikin dangin ango suka sauka daga jirgin Savai'i da kayansu. Aka ɗaura aure a coci, aka ci, aka yi jawabai masu tsawo. Da la'asar ta yi aka share tsakiyar zaure. Loimata da kanta ta sa an ajiye wa ubanta kujera a gaba.

Jita ta ɗauka. Loimata ta fito a hankali, jama'a suka tashi da liƙi, mazan gidansu suka kewaye ta da ihu. Fereti ya tafa daga kujera na ɗan lokaci. Sai ya miƙe ya shiga cikinsu, yana dukan ƙirji da cinya, yana zagaya ta. Da ya zo gabanta ya sunkuya, ya kafa hannuwa a kan siminti, ya miƙar da ƙafafu baya, ya kwanta.

Murmushin Loimata ya tsaya cak a fuskarta. Hannuwanta na juyawa, amma idanunta na neman samarin da za su ɗaga shi. Ta ɗaga ƙafa ta kai bayansa. Ya ji yatsunta a kan rigarsa, ko taɓa shi ba ta yi sosai ba.

"Taka, uwata," ya ce daga ƙasa. "Taka da gaske."

Ta taka. Ya ji nauyinta ya sauka a tsakanin kafaɗunsa, zauren ya ɗauki ihu har rufi. Ta ɗauke ƙafa ta matsa gefe.

Samari suka zabura. Aleki ya buɗe hannuwa ya tare su. Fereti ya kafa tafin hannu. Ya jawo gwiwa, ta shigo. Ya kafa ƙafa, ya dafa cinya, sai gwiwar ta yi ƙara, ya tsaya a tsakiya, bai kai sama ba bai koma ƙasa ba. Masu jita suka fara sassautawa suna kallonsa.

"Ku buga mana!" Maseiga ta kwatsa musu daga cikin mata. "Wa ya ce ku tsaya? Abincinmu kuka ci a banza?"

Suka buga. Fereti ya ja numfashi ya tura ƙasa da ƙafa, ya miƙe tsaye. Zauren ya juya masa kaɗan, ya ga fari-fari, amma ya daki ƙirji ya yi ihu da muryar da bai san yana da ita ba. Loimata ba ta tsaya ba. Hawaye na bin man kwakwar da ke kuncinta, hannuwanta na ta juyawa, har ta kai rawar ƙarshenta ta rusuna. Talaleu na can gefe tana fifita, tana gaya wa wata tsohuwa 'yar Savai'i cewa bayansa bai miƙe yadda ya kamata ba.

Da hayaniya ta yi yawa, Fereti ya sulale ta ƙofar baya ya zauna a ƙasa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya miƙe ƙafafu yana mayar da numfashi. Can sai ga Loimata da adonta. Ta tattara tabarmar adon da ke ɗaure a jikinta ta zauna kusa da shi a kan ciyawa.

"Gwiwar fa?"

"Tana nan. Gobe za ta yi mini bayani."

"Ka ba ni tsoro, Baba."

"Ni ma na ji tsoron."

Ta jingina kai a kafaɗarsa, a hankali don kada adon ya karkace. Suka zauna haka suna jin kiɗa ta bango. Ya ce mutanen Savai'i suna da kirki amma shayinsu ya cika suga, ta kula. Ta ce shi ma ya kula, Maseiga ba ta tuba ba.

Daga ƙofa aka fara kiran amarya, mai hoto na jira, har da uban amarya. Loimata ta miƙe ta kakkaɓe jikinta. Ta fara miƙo masa hannu, sai ta dube shi, ta mayar da hannun ta gyara furen da ke kunnenta.

"Kada ka daɗe, Baba," ta ce.

"Je ki, ina tafe."

Ta tafi ba ta waiwayo ba. Ya ɗan ƙara zama yana kallon bayanta har ta shige, sannan ya dafa ƙasa ya tashi ya bi ta.